Ranar da na ga an kayar da Teddy Riner a Bercy

Kayan barka ne suka kai ni Paris a farkon watan Fabrairun 2020. Yayata da ke aure can ta haihu, tsohuwarmu kuma ciwon ƙafa ba ya barin ta doguwar tafiya, sai aka ce ni zan wakilci gida. Aka cika mini akwati da yajin jego, kuka, busasshiyar kuɓewa, turaren wuta da atamfofi. Kilishi kam an ja mini kunne kada in kuskura, don ba a shiga ƙasashen Turai da nama a cikin kaya. Jirginmu ya tashi daga Yamai cikin dare, gari na wayewa muka sauka a filin Charles de Gaulle. Jirgin ƙasa na RER B ya kai ni Gare du Nord, inda mijin Yaya yake jirana riƙe da wata ƙatuwar rigar sanyi, don ya san wadda na taho da ita ta hunturun gida ce, ba abin da za ta tsinana mini.

Gidansu yana gunduma ta 18, tsakanin La Chapelle da Marx Dormoy. Unguwa ce ta baƙi, Larabawan Magarib da 'yan Mali da Senegal da mutanen Sri Lanka, kowa da shagonsa da ƙamshin girkinsa. 'Yar tafiya kaɗan a ƙasa ka isa kasuwar Château Rouge, inda na tarar da kuka da kuɓewa a jere cikin leda, irin waɗanda na yi ta fama da nauyinsu tun daga gida. Yaya ta ce in rabu da su, na hannun tsohuwa daban ne.

A ɗakin babban ɗansu aka sauke ni, yaro ɗan shekara 11 mai karyayyar Hausa da bakin Faransanci kamar ruwa. Jikin bangon, saitin gadonsa, hoton wani ƙaton baƙin mutum ne cikin farar riga mai kauri, ya ɗaure ƙugu da baƙar ɗamara.

"Kawu, ka san shi?"

Na ce na taɓa ganin fuskar a talabijin.

"Teddy Riner ke nan, zakaran judo. A unguwar nan ya girma. Kusan shekara goma babu wanda ya kayar da shi."

Daga ranar ban sake samun hutu ba. Da safe Riner, da dare Riner. Ranar Laraba da yamma, lokacin da yaran Faransa ba su da makaranta, uwarsa ta ce in raka shi wurin horo tunda ita tana jego. Zauren motsa jiki ne na unguwa, an shimfiɗa katifun tatami, iyaye muna zaune a benci takalma a hannu. Yara sun kai talatin, farare da baƙaƙe, maza da mata. Suka durƙusa a layi suka sunkuya wa malaminsu, ya sunkuya musu, sannan aka shafe wajen sulusin lokacin ana koyon faɗuwa kawai. Yaro ya faɗi ta baya ya doki katifa da hannu, ya faɗi ta gefe, ya yi alkafura ya miƙe. Wani uba da ke gefena ya ce mini masu katin hukumar judo a Faransa sun kai kusan rabin miliyan, kuma akasarinsu yara ne irin waɗannan. Wasan da Jigoro Kano ya kafa a Tokyo a 1882 ya sami gida na biyu a ƙasar nan, har ta kai kowace unguwa da kulob ɗinta. Ban da irin waɗannan zaurukan, ban ga yadda za a yi ɗan wasu 'yan tsibirin Guadeloupe da suka zo Paris neman abinci ya zama abin da ya zama ba.

Ni da na tashi ina kallon kokowar takobi, abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne rigar. Ɗan kokowarmu jikinsa tsirara yake daga ƙugu zuwa sama, ga gumi ga ƙasa, sai ka nemi wuya ko ƙafa ko ƙugu kafin ka sami abin kamawa. A judo kuwa a lokacin an hana kama ƙafa da hannu gaba ɗaya, rigar ita ce komai. Wanda ya riga samun wuyan rigar abokin karawarsa da hannunta yadda yake so, ya ci rabin wasan tun ba a ɗaga kowa ba. Yaron ya gwada mini a falo: ya cafki wuyan rigata ta baya, ya danno kaina ƙasa, ya ce, "Haka Teddy yake yi, Kawu. Yanzu ka ce tsawona mita 2 da santimita 4 ne, nauyina ya fi kilo 130. Ina za ka?"

Tarihin mutumin a bakin mijin Yaya na ji shi, wata rana bayan sallar isha'i muna shan shayi a kicin. Shi ba ya wasan, amma ɗansa ya mai da shi malami. An haifi Riner ranar 7 ga Afrilun 1989 a Guadeloupe, aka kawo shi Paris yana jariri. Tun bai cika shekara 16 ba aka ɗauke shi a INSEP, makarantar da gwamnati take renon zaratan 'yan wasanta a cikin dajin Vincennes, inda aka riƙa haɗa shi da manyan maza suna jibgarsa kullum. A 2007, a Rio de Janeiro, yana da shekara 18 ya ci kambun duniya na masu nauyin sama da kilo 100, ba a taɓa samun namiji mai ƙarancin shekarunsa da ya yi haka ba. A kan hanyarsa ta zuwa wasan ƙarshe ya fitar da Kosei Inoue na Japan, wanda a lokacin ake yi wa kallon gwanin gwanaye. Shekara ta zagayo, a gasar Olamfik ta Beijing wani ɗan Uzbekistan, Abdullo Tangriev, ya tare masa hanya, ya koma gida da tagulla.

Kaye na ƙarshe da ya sha kafin zuwana shi ne na Satumbar 2010 a Tokyo, a wasan ƙarshe na rukunin da ba a iyakance nauyi. Ba a ma kai shi ƙasa ba. Lokaci ne ya ƙare babu maki, alƙalai suka ɗaga tuta suka ba Daiki Kamikawa, ɗan gida. Riner bai ɓoye fushinsa ba a ranar, aka kuwa yi ta sukar sa, don a wannan wasan ladabi bayan kaye wajibi ne. Daga nan sai ya rufe ƙofa. Zinare a Landan a 2012, zinare a Rio a 2016 inda shi ne ya riƙe wa Faransa tuta, kambun duniya har 10 zuwa ƙarshen 2017. Wasa 152 a jere, in ji mijin Yaya, kuma abin da ake hange shi ne 203 na Yasuhiro Yamashita na Japan, wanda ya yi ritaya a 1985 ba tare da wani baƙo ya taɓa kayar da shi ba.

Na ce to ai ƙarfi ne kawai, wa zai iya da wannan ƙato? Ya girgiza kai. Ya ce ƙatta sun yi yawa a rukunin nan, wasu sun fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Abin da ya raba shi da su shi ne ƙafafunsa suna da sauri, numfashinsa ba ya ƙarewa, sannan ba ya yarda a kama masa riga. Da yawa daga cikin abokan karawarsa ba kayar da su yake yi ba, gajiya suke yi da neman riga har alƙali ya yi ta ba su gargaɗin ƙin kai hari. Wasan ƙarshe na Rio da Hisayoshi Harasawa na Japan haka ya ƙare, da yawan gargaɗi, har 'yan kallo suka yi ta ihun rashin gamsuwa. Ya kuma gaya mini wani abu da ban zata ba: tun yana ɗan shekara 14 Riner yake ganin likitar halayyar ɗan'adam, Meriem Salmi, a zamanin da ɗan wasa yake ɓoye irin wannan don kada a ce ya raunana.

Mijin Yaya ya riga ya sayi tikiti biyu na gasar Grand Slam ta Paris, na ranar Lahadi 9 ga wata, ranar masu nauyi. Ana jibi sai aiki ya taso masa. Ya miƙo mini tikitin ya ce, "Rabonka ne ya rantse. Ka riƙe mini hannunsa da kyau, cunkoson wurin ba wasa ba."

Mun fita da sassafe iska tana neman ɗauke mutum, ashe guguwar da suka sa wa suna Ciara ce take shigowa arewacin ƙasar. Muka bi jirgin ƙarƙashin ƙasa har tashar Bercy. Ginin dandalin wani irin dala ne mai yankakken kai, an dasa ciyawa a gangaren bangonsa, a bakin kogin Seine. Gasar ta fara tun 1971 a wani ƙaramin zaure, daga baya ta yi girman da sai nan zai ɗauke ta. Motocin safa ne jere a waje, kulob-kulob daga garuruwan nesa sun kwaso yaransu tun asuba, kowane rukuni da rigarsa iri ɗaya da ganga da ƙaho. A layi muka ji ana ta zancen Clarisse Agbegnenou, wadda iyayenta 'yan asalin Togo ne, da ta ci zinare jiya Asabar.

Kujerunmu suna can sama. Daga nan kana ganin filaye da yawa a jere, ana wasa a kansu lokaci guda, ɗaya da farar riga ɗaya da shuɗiya. Yaron ya zama tafintana. Minti huɗu ake yi. In ka maka mutum da bayansa a ƙasa da ƙarfi, ippon ke nan, wasa ya ƙare nan take. In bai cika ba waza-ari ne, biyu suna zama ippon. Kana iya danne shi daƙiƙa 20, ko ka shaƙe shi, ko ka murɗe masa gwiwar hannu har ya buga ƙasa alamar ya sallama. Gargaɗi kuwa shido ake ce masa, na uku ya fitar da kai. In minti huɗun suka cika babu wanda ke gaba, sai a shiga ƙarin lokaci marar iyaka, wanda ya fara samun maki shi ya ci.

Ba sai an gaya maka Riner ya fito ba. Tun yana bakin hanyar shigowa dandalin ya ɗauki "Teddy! Teddy!", yara suna buga ƙafa har kujera tana rawa. Ko daga inda muke, alƙalin wasa bai kai kafaɗarsa ba. Sai dai wasansa na farko, da wani matashi ɗan Hungary, bai yi armashi ba. Ya kama riga, ya ja, ya saki, ya sake kamawa, har aka shiga ƙarin lokaci kafin ya samu ya wuce. Na biyu da ɗan Ostiriya shi ma haka. Wani dattijo mai furfura da ke bayanmu, da alama tsohon malamin judo ne, ya yi ta gunaguni cewa mutumin ya yi nauyi, ƙafafunsa ba su tashi. Dama ya yi hutun kusan wata 20 bayan 2017, sai a Yulin 2019 ya dawo fage a Montreal. Lissafi dai ya kai 154.

Na ukun shi ne Kokoro Kageura na Japan, ɗan shekara 24, gajere a cikin 'yan rukuninsa, bai kai mita 1 da 80 ba. Da suka tsaya gaba da gaba na ce a raina wannan zalunci ne. Yaron kuwa ya daina tsalle. Ya ce sun haɗu a Brazil watanni kaɗan da suka wuce, kuma da ƙyar Teddy ya sha a ƙarin lokaci.

Abin da na gani a minti huɗun nan shi ya sa na fahimci zancen riga. Duk lokacin da dogon hannun Riner ya taho zai sauka a bayan wuyan Kageura, sai gajeren ya kauce, ya ture hannun, ya zagaya, ya shige ƙasa-ƙasa kamar zai ɗauke shi a kafaɗa. Bai tsaya wuri ɗaya ba ko na daƙiƙa. Gajartar da na ɗauka rauni ce ta zamar masa mafaka, don dole Riner ya riƙa sunkuyawa yana nemansa. Lokaci ya cika babu maki. Dandalin ya ƙara ƙarfin ihu, irin na mutanen da suka saba ganin ƙarshen labarin, suna jiran ya zo.

Ba a cika minti ɗaya da shiga ƙarin lokaci ba Riner ya samu abin da yake nema, ko kuma ya zaci ya samu. Ya juya baya, ya jawo Kageura, ya ɗaga ƙafa zai ɗauke shi ta tsakanin cinyoyi, kayen da ake kira uchi-mata, wanda ya sha kwantar da manyan maza da shi. Kageura ya zame gefe. Ƙafar ta tashi ba ta tarar da kowa ba, duk nauyin nan ya tafi gaba a kan ƙafa ɗaya, ɗan Japan ɗin ya bi shi da hannu ya ƙarasa juya shi. Riner ya faɗi. Alƙali ya miƙa hannu.

Ihun ya yanke. Mutum fiye da dubu goma, sai ƙarar 'yan tawagar Japan kawai kake ji daga wani lungu. Yaron ya riƙe mini hannun riga yana cewa, "Za su duba bidiyo, Kawu, za su duba," amma babu abin da ya sauya. Riner ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya ɗaure ɗamara, ya sunkuya, ya ba Kageura hannu. A nan ne mutane suka tashi tsaye suna tafi, tafi mai tsawo, har ya fice. Dattijon bayanmu ya dafa kafaɗar yaron ya ce masa ya buɗe ido da kyau, abin da ya gani yau zai ba jikokinsa labari. Ya kuma nuna mana wani abu da ni ban sani ba: babban kocin mazan Japan a lokacin shi ne Kosei Inoue, mutumin da Riner ya fitar a Rio shekara 13 da suka wuce. Sun daɗe suna nazarin bidiyonsa, suna turo masa matasa ɗaya bayan ɗaya.

Da yake a zagaye na uku ya faɗi, kafin wasan kusa da na kusa da na ƙarshe, doka ba ta ba shi damar neman tagulla ba. Ranarsa ta ƙare tun kafin la'asar. Na zaci wurin zai watse, amma ba wanda ya tashi. Yaron ya ƙi cin burodin da uwarsa ta ƙunsa mana, sai da aka zo wasannin ƙarshe da yamma ya warware, lokacin da Madeleine Malonga da Romane Dicko suka ci wa Faransa zinare. Kageura kuwa ya kai wasan ƙarshe, a can Henk Grol na Holan ya kayar da shi. Wanda ya karya shekara tara da 'yan watanni na rashin kaye, da azurfa ya kwana.

Da daddare a gida muka ga Riner a labarai. Ban ga alamar mutumin da duniya ta rushe masa ba. Abin da ya faɗa, a taƙaice, shi ne gara abin ya same shi a nan da ya same shi a Olamfik, kuma ƙirgen wasanni don kamo Yamashita kaya ne mai nauyi da yanzu ya sauke. Mijin Yaya ya ce maganar fita kunya ce kawai. Ni ban ɗauke ta haka ba. Mutumin da na gani da safe wasa yake yi na mai tsoron asara, yana lallaɓa kowace karawa kada lissafi ya ɓaci, kuma a ganina wannan taka-tsantsan ɗin ya fi Kageura cin sa.

Kafin in taho, yaron ya matsa sai mun je dajin Vincennes. Muka bi layi na 1 har ƙarshensa, muka taka cikin itatuwan da hunturu ya kakkaɓe wa ganye, guguwa ta karya rassa ko'ina. INSEP ba a shiga sai da izini, saboda haka daga bakin ƙofa muka tsaya muna hangen jajayen gine-ginen bulo. Wasu samari masu kumburarrun kunnuwa suka fito da jakunkuna a kafaɗa, ya ce mini 'yan judo ne ko 'yan kokowa, gogayya da katifa da riga ce take mai da kunne haka. Ya shafa nasa kunnen yana dubawa ko ya fara. Na ce masa uwarsa ba za ta yi murna da wannan ado ba.

Ban daɗe da komowa gida ba cutar korona ta rufe iyakoki, aka ɗage gasar Tokyo zuwa 2021. Sauran labarin a waya da talabijin na bi shi, yaron yana aiko mini da saƙon murya duk lokacin da gwaninsa zai fito. A Tokyo wani gajeren ne kuma, Tamerlan Bashaev na Rasha, ya mayar masa da harinsa a ƙarin lokaci. Riner ya dawo ya doke Harasawa ya karɓi tagulla, washegari kuma shi da 'yan ƙasarsa suka doke Japan a gasar ƙungiya ta maza da mata, a cikin zauren Budokan, gidan judo na Japan ɗin kanta. A 2023 a Doha ya ci kambun duniya na 11, ko da yake daga baya hukumar judo ta duniya ta amsa cewa alƙalai sun yi kuskure a wasan ƙarshe, ta ba Inal Tasoev shi ma zinare.

Sai 2024, a garinsu. Ranar 26 ga Yuli shi da 'yar tsere Marie-José Pérec, ita ma haifaffiyar Guadeloupe, suka kunna wutar Olamfik a lambun Tuileries. Ranar 2 ga Agusta, a dandalin Champ-de-Mars, yana da shekara 35 ya ɗauki Kim Min-jong na Koriya ta Kudu a kwankwaso ya shimfiɗe shi, saura daƙiƙoƙi lokaci ya cika, zinarensa na uku shi kaɗai. Wannan karon ba da gargaɗi ya ci ba. Kashegari a gasar ƙungiya Japan tana gaba da 3 da 1, Faransa ta farke, aka juya ƙuri'a a allo don zaɓen rukunin da zai raba gardama, ta faɗa kan masu nauyi. Riner ya sake fitowa gaban Tatsuru Saito, wanda ya fi shi nauyi amma Riner ɗin ya girme masa da shekara goma sha, ya taɗe masa ƙafa ta ciki bayan doguwar fafatawa. Ya ce yana da niyyar zuwa Los Angeles a 2028, lokacin zai kasance da shekara 39.

Kageura ya ci kambun duniya a Budapest a 2021, a shekarar da Riner bai shiga gasar ba. Olamfik kam bai samu zuwa ba: Harasawa Japan ta zaɓa a Tokyo, a Paris kuma ta tura Saito.